Hatimi Da Taswira: Yadda Magabata Suka Zana Duniya

Wannan makon na ɗan jingine labarinmu, domin in taɓo wani tarihi da nake ganin muna wasa da shi.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon gafakan malami a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, zai yiwu ya ci karo da takarda mai da'ira cikin da'ira, ko mai gidaje cike da lambobi. Yawancinmu da mun gani sai mu ce tsibbu ne. To amma a da, da irin wannan zane ake tsara ilimi a karantar da shi.

Masana falaki na da sukan sa ƙasa a tsakiya, su kewaye ta da da'ira bakwai: Wata, Uɗaridu, Zara, Rana, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Yau mun san ƙasa ce ke kewaya rana, amma da takarda guda ɗalibi yake riƙe tsarin sama duka a kansa. Kowane tauraro kuma an ba shi hatiminsa, daga mai gida uku-uku har mai tara-tara. Ɗauki ƙaramin ka gwada: lambobi 1 zuwa 9, ko ta ina ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Wannan lissafi ne zalla.

Gwanin wannan fanni ɗan ƙasarmu ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku, biyar, bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Malam Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Daga sama sai mu sauko ƙasa. A 1824 Baturen Ingila Clapperton ya ratsa Zurmi ya isa Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen Sudan, aka buga ta a Landan a 1826. A cikinta kogin Kwara ya nufi gabas zuwa Masar, alhali a 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi shi har teku. Wasu masana tarihi na ganin Bello ya san gaskiya, ya ƙi nuna wa baƙo ƙofar shigowa ƙasarsa ne. In haka ne, ashe mai zane yana zaɓar abin da zai ɓoye.

Abin da ke damuna shi ne, irin waɗannan takardu gara na ci, damina na jiƙawa, magada kuma na ƙonawa don tsoron shirka. Ni ba malami ba ne, hukuncin aiki da su na malamai ne. Roƙona kawai, kafin a cinna ashana, a kai wa wanda ya iya karantawa ya duba.

Allah Ya jiƙan magabata. Mu haɗu mako mai zuwa, mu ɗora daga inda muka tsaya.