Neman Magaji: Yadda Henry na Takwas Ya Raba Ingila da Paparoma

A jikin kwabon Birtaniya, kusa da sunan sarki, akwai haruffa biyu, F.D., taƙaitawar wani laƙabi na Latin mai nufin mai kare addini. Paparoma Leo na 10 ne ya ba Sarki Henry na Takwas wannan laƙabi a 1521, tukuicin littafin da sarkin ya rubuta yana mayar wa Martin Luther, mai sukar Paparoma, martani. Bayan shekara 13 mutumin nan ya fitar da ƙasarsa daga ƙarƙashin Paparoma, ya ɗora kansa shugaban cocin Ingila. Daga wannan rabuwa Cocin Anglikan ya samo asali, cocin da yau yake da mabiya miliyoyi a Nijeriya, har da tsohuwar cibiyarsa ta Wusasa a Zariya. Abin da ya kawo rabuwar tun farko maganar gado ce: sarki yana son ɗa namiji, matarsa kuma ba ta haifa masa wanda ya rayu ba.

An haifi Henry ranar 28 ga Yuni, 1491, a fadar Greenwich. Mahaifinsa, Henry na Bakwai, da takobi ya ci sarauta a fagen yaƙin Bosworth a 1485, bayan shekara kusan 30 ana zubar da jini tsakanin gidan Lancaster da gidan York. Gidansu na Tudor ke nan sabon gida ne, saiwarsa ba ta yi zurfi ba, kuma akwai 'ya'yan sarauta da dama da suke ganin sun fi su cancanta. Wanda aka shirya wa gado shi ne yayan Henry, Yarima Arthur. A 1501 aka aura masa Catherine ta Aragon, 'yar Ferdinand da Isabella, sarakunan Sifaniya da suka ci Garnaɗa a 1492, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus. Auren bai cika wata biyar ba Arthur ya rasu. Don kada zumuncin Ingila da Sifaniya ya yanke, aka nemo izini na musamman daga Paparoma Julius na 2 cewa ƙane ya auri matar yayansa. Catherine ta rantse, kuma ta tsaya a kan rantsuwarta har ta mutu, cewa Arthur bai taɓa kusantarta ba.

Henry ya hau gado a Afrilun 1509 yana da shekara 17, ya auri Catherine a watan Yuni. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun yaba shi ƙwarai: dogo ne, ƙaƙƙarfa, gwanin hawa da farauta, yana jin Latin da Faransanci, yana kiɗa yana tsara waƙa. Aikin mulki na yau da kullum bai dame shi ba, ya sakar wa wazirinsa, Kadinal Thomas Wolsey, wanda talaka ne daga garin Ipswich. Shi sarki hankalinsa yana kan yaƙi da Faransa. A 1513 ya ƙetare teku ya ci garuruwan Thérouanne da Tournai, ya bar Catherine tana riƙon ƙasa. A hannunta Ingila take lokacin da sojojinta suka karya rundunar Sikotland a Flodden suka kashe Sarki James na 4. Ya kamata a riƙe wannan, domin masu ba da labarin Henry sukan nuna Catherine kamar tsohuwar da aka gaji da ita kawai, alhali mace ce mai ilimi da jarunta, wadda talakawan Ingila suka so har ƙarshen ranta.

Haihuwa ce ta ƙi. Aƙalla sau shida ta ɗauki ciki. Ranar 1 ga Janairu, 1511, ta haifi ɗa namiji, aka yi shagali a Landan, yaron ya rasu bayan kwana 52. Sauran wasu ɓari ne, wasu an haife su ba rai. Mary kaɗai ta rayu, wadda aka haifa a 1516. A ƙasar da sarki zai iya ƙara aure, da maganar ta zo da sauƙi, amma dokar coci mace ɗaya ta yarda da ita, kuma babu saki. Hanya ɗaya ce ta rage, wato Paparoma ya yanke hukuncin cewa tun asali auren bai ɗauru ba. Henry yana da ɗa namiji da wata mai suna Elizabeth Blount, Henry FitzRoy, amma ɗan da aka samu a waje ba ya gadon sarauta cikin sauƙi. Har zuwa lokacin kuwa mace ba ta taɓa zama daram a kan gadon Ingila ba. Da aka gwada da Matilda a ƙarni na 12, yaƙin basasa aka yi na kusan shekara 20. Tsoron Henry tsoro ne na gaske, kuma ba adalci ba ne a ce sha'awa kaɗai ta ja shi. Abin da ya yi da tsoron shi ne abin tuhuma.

Wajen 1526 ya kamu da son Anne Boleyn, ɗaya daga matan fadar sarauniya, wadda ta yi tarbiyya a fadar Faransa. Henry ya riga ya yi hulɗa da 'yar uwarta Mary, Anne ta ga yadda aka ƙare, ta ce ita sai da aure. A lokacin ne sarki ya riƙe wata aya a Littafin Firistoci da ke hana mutum auren matar ɗan'uwansa, tana kuma gargaɗi da rashin haihuwa. Ya tabbatar wa kansa cewa mutuwar 'ya'yansa fushin Allah ce, kuma Paparoma Julius ba shi da ikon halatta abin da Allah ya haramta.

Paparomomi sun sha warware auren sarakuna, don haka Wolsey ya ɗauka abin ba zai yi wuya ba. Sai dai a Mayun 1527 sojojin Sarkin Sarakuna Charles na 5 suka afka wa birnin Roma suka wawashe shi, Paparoma Clement na 7 ya zama kamar fursuna. Charles kuwa ɗan 'yar uwar Catherine ne, ba zai yarda a wulaƙanta innarsa ba. Clement ya shiga halin gaba kura baya sayaki, ya zaɓi jan ƙafa. A 1529 aka kafa kotu a Blackfriars cikin Landan ƙarƙashin Wolsey da Kadinal Campeggio. Catherine ta shigo, ta wuce alƙalai, ta durƙusa gaban mijinta a bainar jama'a, ta tuna masa shekara 20 na zamansu, ta kira Allah shaida cewa budurwa ya same ta. Ta tashi ta fita, aka yi ta kiranta ba ta waiwayo ba. Campeggio ya ɗage zaman, aka mayar da shari'ar Roma. Wolsey ya rasa muƙaminsa da fadarsa ta Hampton Court, ya rasu a Leicester a Nuwamban 1530 ana kan hanyar kai shi Landan don tuhumar cin amana.

Mutum biyu suka buɗe wa sarki ƙofa. Thomas Cromwell, lauya ɗan maƙeri daga Putney, ya nuna masa cewa abin da Roma ta hana, majalisar dokoki za ta iya bayarwa. Thomas Cranmer kuma, malamin jami'ar Cambridge, aka naɗa shi babban limamin Canterbury. A Janairun 1533 Henry ya auri Anne a ɓoye, tana da ciki. Majalisa ta yi dokar hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma, Cranmer ya warware auren Catherine ranar 23 ga Mayu, aka naɗa Anne sarauniya ranar 1 ga Yuni. Ranar 7 ga Satumba ta haihu, mace ce, aka sa mata Elizabeth. A Nuwamban 1534 majalisa ta tabbatar da sarki shugaban ƙoli na cocin Ingila, aka tilasta wa manya rantsuwa. Bishop John Fisher da Thomas More, tsohon babban alƙalin ƙasa kuma aminin sarki, suka ƙi, aka sare kawunansu a 1535.

Shekarar 1536 ita ce mafi muni. Catherine ta rasu ranar 7 ga Janairu a Kimbolton, an raba ta da 'yarta shekaru. A wannan wata sarki ya faɗo daga doki wajen wasan suka da mashi, gyambon ƙafarsa ya tsananta, bai rabu da shi ba har kabari. Ranar da aka binne Catherine, Anne ta yi ɓarin ɗa namiji. Ranar 2 ga Mayu aka kama ta, aka zarge ta da zina da maza biyar, cikinsu har da ɗan'uwanta George. Ɗaya kaɗai ya amsa laifi, makaɗi Mark Smeaton, talaka wanda ba shi da mai tsaya masa. Masana tarihi sun gano cewa a wasu ranakun da aka ambata a takardar tuhuma Anne ma ba ta wurin da aka ce abin ya faru, kuma yawancinsu suna ganin ƙage ne. Aka kashe mazan ranar 17 ga Mayu. Ranar 19 aka sare kan Anne a Hasumiyar Landan, da takobin wani hauni da aka ɗauko daga Calais. Bayan kwana 11 Henry ya auri Jane Seymour. Ita ta haifa masa Edward ranar 12 ga Oktoba, 1537, ta rasu bayan kwana 12.

Ana cikin wannan Cromwell yana wani aiki da ya fi auren sarki taɓa talaka. A 1535 ya sa aka ƙidaya dukiyar coci kaf. Daga 1536 zuwa 1540 aka rufe gidajen 'yan zuhudu fiye da 800, aka ƙwace filayensu, aka narke azurfarsu, aka kware dalmar rufinsu. Waɗannan gidaje su ne masaukin matafiyi, da wurin jinyar marar lafiya, da ƙofar da mabuƙaci yake samun sadaka. Mutanen arewacin Ingila suka tashi a Oktoban 1536, kimanin mutum 30,000, ƙarƙashin wani lauya, Robert Aske. Sun fi ƙarfin rundunar sarki, sai aka yi musu alkawarin afuwa da sauraren kokensu, suka watse. Da aka sami hujja a farkon 1537, sarki ya warware alkawari, aka kashe kimanin mutum 200, aka rataye Aske da sarƙa a York. Yawancin filayen an sayar wa attajirai da masu sarauta, kuma wannan ya ɗaure su ga sabon tsari, domin komawa ga Paparoma yana iya nufin mayar da gonakin da suka saya.

Kada a ɗauka Henry ya zama mabiyin Luther. Ya yarda a ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci a kowane coci, aka buga shi a 1539, kuma wannan babban sauyi ne ga mutanen da ba sa jin Latin. Amma a shekarar ya sa dokar da ta tabbatar da yawancin aƙidun Katolika. Ranar 30 ga Yuli, 1540, a filin Smithfield, aka ƙone mutum uku don bin sabuwar aƙida, aka rataye uku don biyayya ga Paparoma. Iyakar addinin da ya halatta ita ce inda sarki yake tsaye a ranar.

Sauran aure uku sun zo da sauri. Cromwell ya haɗa shi da Anne ta Cleves, daga Jamus, don ƙulla ƙawance. Sarki ya ga zanen da Hans Holbein ya yi mata ya amince, ya gan ta ido da ido ya ƙi. Aka ɗaura a Janairun 1540, aka warware a Yuli. Ba ta yi gardama ba, aka ba ta gidaje da matsayin 'yar'uwar sarki, ta rayu har 1557. Cromwell ne ya biya da ransa ranar 28 ga Yuli, ranar da sarki ya auri Catherine Howard, yarinya da ba ta kai shekara 20 ba, shi yana da 49. An kashe ta a Fabrairun 1542 bisa zargin hulɗa da Thomas Culpeper. Ta shida, Catherine Parr, bazawara mai ilimi, ta aure shi a 1543. Ta jawo 'ya'yan sarki uku jikinta, kuma a zamaninta dokar 1544 ta mayar da Mary da Elizabeth cikin jerin magada, ko da yake ba a janye sheganta su da aka yi ba.

Dukiyar da ya ƙwato daga coci ta tafi a yaƙi. Ya ci Boulogne a 1544 da kuɗi masu yawan gaske, har sai da aka riƙa gauraya azurfar kwabo da jan ƙarfe, farashi ya tashi, talaka ya sha wuya. Ya bar abubuwa masu ɗorewa: rundunar jiragen ruwa ta dindindin, haɗe Wales da Ingila a doka ɗaya, da majalisar da ta saba yanke hukunci a kan addini da gadon sarauta, ikon da ba ta sake saki ba. Ya rasu ranar 28 ga Janairu, 1547, yana da shekara 55, ƙiba ta hana shi tafiya sai an ɗauke shi. Aka binne shi a Windsor kusa da Jane Seymour.

Edward ya hau gado yana da shekara 9, ya rasu yana da 15. Mary ta gaje shi, ta mayar da ƙasar ga Paparoma, ta ƙone mutum kusan 300, cikinsu har da Cranmer. Elizabeth, wadda aka kashe uwarta tana ƙasa da shekara uku, ta yi mulki shekara 44, kuma ita ta kafa cocin Ingila a kan tsarin da ya ɗore. Babu ɗaya cikin ukun da ya haihu, a 1603 sarauta ta koma ga James na Sikotland, jikan jikar Henry na Bakwai ta wajen Margaret, yayar Henry na Takwas. A ganina ana zaluntar matan nan shida idan aka mayar da su lissafin da yara ke haddacewa, wacce aka saki da wacce aka kashe. Biyu daga cikinsu sun mutu a hannun hauni bisa umarnin mijinsu, kuma majalisa da alƙalai da limamai duk sun sa hannu, babu hukumar da ta ce a'a. Sai a 2013 majalisar Birtaniya ta soke fifita ɗa namiji a kan 'ya mace wajen gadon sarauta.