Fijo 404 da Fijo 504: Gardamar da Dattawanmu Ba Su Gama Ba

Lokacin da muke tattara tsofaffin hotuna domin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun lura kusan duk hoton da aka ɗauka a tasha ko a bakin iyaka akwai Fijo tsaye bayan mutane. Muka kai wa dattawa hotunan don su faɗa mana sunayen waɗanda ke ciki, sai ga tsohuwar gardama ta tashi: tsakanin 404 da 504, wacce ta fi yi wa fatauci aiki? Mu da ba mu riski farkon zamanin ba, ga abin da muka tattara.

404 ce yaya. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1960, shekarar da Nijar da Nijeriya suka samu 'yancin kai. Injinta lita 1.6 ne mai silinda huɗu, giya huɗu a jikin sitiyari, gudunta kuwa kilomita 140 da 'yan kai a awa. 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ta fara da inji lita 1.8, a 1970 aka kai shi lita 2, tana haura kilomita 160. Ta fi faɗi, ta fi laushi a gargada, burkinta ya fi kamawa. A takarda dai ƙanwa ta wuce yaya.

Masu goyon bayan 404 ba su musanta wannan ba, cewa suka yi ba gudu ke ciyar da falke ba. Abin da suke tunawa shi ne a-kori-kurarta mai rufin tamfol, wadda ake labta wa buhunan wake da albasa daga Maraɗi, a bi ta Ɗan Issa da Jibiya zuwa Katsina, a dawo da atamfa da kayan masarufi. Kafin ta, mai buhu goma sai ya jira babbar mota ta cika, wani lokaci kwana biyu ko uku, farashi kuwa ba ya jiran kowa. Kuma idan ta mace a daji, in ji su, direba da yaron mota kan kwance kafireta a gindin itace su busa, a ci gaba da tafiya. Suna da wata hujjar ma: a gasar Safari ta Gabashin Afirka 404 ta zo ta ɗaya sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuwa sau biyu, a 1975 da 1978.

A ganinmu abin da ya ɗaga 504 bai tsaya a inji ba, Kaduna ce. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a can, kuma ko da aka daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Wannan ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwa daga Kano har Damagaram da Birnin Ƙonni, kowane gareji kuma akwai bakaniken da ya san ta ciki da waje. Ga kuma doguwar nan mai layin kujeru uku, wadda ta zama motar haya ta kan iyaka: ɗan kasuwa ya yi sammako, ya sari kayansa a Kantin Kwari, ya kwana a gidansa idan 'yan duwan da kwastan ba su tsare shi ba. Gudun nata dai ya ci rayuka, kuma akwai 'yan ƙungiyar nan da muka rasa a hanya ta dalilin haka. Allah ya jiƙansu.

Dattawa ba su sasanta ba har aka kira la'asar, don haka muka sa hotunan motocin biyu a bangon wannan fitowa. Duk wanda ke da wani tsohon hoto a gida, ya kawo ofis mu kwafa mu mayar masa.