Daga Damin Hatsi Zuwa Albashi: Makarantar Allo da Sauyin Tattalin Arziki a Dutsin-Ma da Kurfi

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zuriyar Malam Na Alhaji, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Katsina, ta riƙe sarautar 'Yandaka, wadda mazauninta a yau yake Dutsin-Ma. Kurfi kuwa mazaunin Maraɗin Katsina ce. A gundumomin biyu, karatun allo ya ginu ne a kan noma. Da damina malami da almajiransa suna gona, da kaka manoma su kai masa zakkar gero da dawa dami-dami, da rani kuma a duƙufa ga karatu ko a tafi gabas neman hadda. Rumbun manomi shi ne baitulmalin makaranta.

Wannan tsari ya fara girgiza bayan Turawan Ingila sun ci Katsina a 1903. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wuri ya ɓace, kuma buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912 ya haɗa manomin gyaɗa da masana'antun mai na Turai. Daga nan farashin da aka yanke a ƙetaren teku ya shiga lissafin magidanci. Gonar da aka ba gyaɗa ta rage hatsin da ake fitar wa zakka, kyautar malami kuma ta soma komawa sulalla, waɗanda ba sa jimirin kaiwa wata kaka kamar dami. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan ciniki, magidanta da yawa suka koma cin rani a birane.

Sai zamanin kuɗin fetur ya zo da nasa sauyin. A 1976 Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, aka kuma fara shirin firamare kyauta a faɗin Nijeriya. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, sannan aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011. Albashi, kuɗin hayar ɗaki da takardar shaida suka zama ma'aunin matsayi. Makarantun Islamiyya masu aji, rajista da kuɗin wata sun dace da wannan yanayi, sai suka yaɗu, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Ta hanyarsu 'yan mata da matan aure suka sami rabo mai yawa na ilimin addini.

Makarantar allo kuwa ta riƙe tsohon tsarinta alhali ginshiƙin da ke ɗauke da ita ya raunana. Rashin tsaro na shekarun nan, wanda ya raba manoma da yawa da gonakinsu, ya ƙara ƙuntata shi. Saboda haka yawon barar da ake kuka da shi bai samo asali daga allo da tawada ba. Ya biyo bayan rushewar hanyar ciyarwa ce. Shari'a ba ta rasa mafita ba, domin zakkar dukiyar ciniki da waƙafi sanannun babuka ne a fiƙihun Malikiyya. Abin da ke gaban malaman yankin shi ne su tsara yadda ɗan kasuwa da ma'aikaci za su ɗauki nauyin da manomi ya ɗauka a da, kafin tsangayun da suka rage su watse.