Kunne Ya Girmi Kaka: Tarihin Na'urar Taimakon Ji da Rabon Karkarar Kano

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, domin ta hanyarsa ne labarin da ya auku tun kafin a haifi kakanni yake isowa ga jikoki. A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, kusan duk wani ilimi ta kunne yake shiga: karatun allo, kiran salla, sanarwar mai unguwa, cinikin kasuwa da shirin noma a rediyo. Wanda ya rasa ji a irin wannan wuri ya rasa rabonsa na zance. Wannan maƙala za ta bi tarihin na'urar da aka ƙera domin maido da wannan rabo, sannan ta duba inda tarihin ya bar mutanen karkararmu.

Dabarar farko da ɗan Adam ya sani ita ce kara tafin hannu a bayan kunne. Daga nan aka samu ƙahon saurare, mai faɗin baki da tsukakken gindi, wanda Frederick Rein ya fara ƙerawa don sayarwa a Landan a 1800. Wayar tarho da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1876 ta nuna cewa ana iya mayar da murya lantarki, kuma a kan wannan turba Miller Reese Hutchison ya ƙera na'urar ji mai lantarki a Amurka a 1898. Ƙirƙiro taransista a 1947 ya rage girman na'urar har ta koma aljihu, daga bisani ta hau bayan kunne.

Sai dai duk waɗannan na'urori aibinsu ɗaya ne: ba sa tantancewa. Yadda suke ɗaga muryar mai magana, haka suke ɗaga kukan jaki da rugugin inji. Alhali kunnen da ya samu rauni ba kowane sauti yake rasawa daidai wa daida ba. Galibi siraran sautuka ne suke fara ɓace masa, irin baƙaƙen s, sh, ts da f, yayin da wasula suke ci gaba da isa gare shi. Wannan ne dalilin da dattijo zai ce yana jin ana magana amma bai fahimci abin da ake faɗa ba. Ɗaga masa murya kuwa sau da yawa zafi kawai yake ƙara masa.

Maganin wannan matsala ya zo ne da fasahar dijital. A 1987 kamfanin Nicolet na Amurka ya fitar da samfurin farko, amma girmansa ya hana shi karɓuwa. A 1996 kamfanoni biyu na ƙasar Denmak, Widex da Oticon, suka shigo kasuwa da Senso da DigiFocus, waɗanda ke ɗauke da 'yar mitsitsiyar kwamfuta a cikinsu. Makirufo yana ɗaukar sauti, a mayar da shi lambobi sau dubbai a daƙiƙa guda, a yi lissafi a kansu, sannan a sake mayar da su sauti a zuba cikin kunne.

A cikin wannan lissafi ne hikimar take. Da fari, na'urar tana rarraba sauti zango-zango, daga kakkaura zuwa siriri, kamar yadda mace ke tankaɗe gari ta ware tsaki, sai ta ƙara wa kowane zango ƙarfi gwargwadon raunin kunnen mai ita. Na biyu, tana ɗaga raɗa sosai, amma ta sassauta wa tsawa. Na uku, tana gane hayaniya mai ɗorewa a kan amo ɗaya, kamar ta janareto, domin maganar mutum hawa da sauka take yi, sai ta rage wa hayaniyar ƙarfi. Na huɗu, makirufo biyu suna auna ɗan bambancin lokacin isowar sauti, su fifita wanda ya zo daga gaba. Da wannan ne mai sayar da gero a kasuwar Dawanau zai ji tayin wanda ke tsaye a gabansa. Na biyar, tana kashe fiton da tsofaffin na'urori ke yi, ta hanyar ƙirƙirar kishiyar sautin domin su soke juna. Ga mai jin Hausa akwai ƙarin abin lura: karin sauti ne ke raba wuyan da ake rataya laya da wuyar rayuwa, shi ke raba kukan yaro da kukar miya. Don haka saitin da ya dace da Bahaushe shi ne wanda ya fito da siraran baƙaƙe ba tare da ya danne kaurin murya, inda karin sauti yake zaune, ba.

A shekarar da wannan fasaha ta bayyana a Turai, wato 1996, wani tarihin daban ake rubutawa a ƙasarmu. Annobar sanƙarau ta ratsa arewacin Nijeriya a bazarar shekarar, ta kama mutum fiye da 100,000, ta hallaka fiye da 11,000, kuma Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Kurumta na daga cikin tabon da cutar ta fi bari ga waɗanda suka tashi. Ban riski wannan shekara ba, amma na tashi a ƙasar Ɗambatta ina ganin sawunta: yayyenmu da suka fara magana suka daina, waɗanda ake kira bebaye alhali harshensu lafiya lau yake. Ban da sanƙarau, ƙyanda, hangum, ciwon kunne mai zubar da mugunya da ƙarar injin niƙa duk suna ci gaba da cin nasu rabon a hankali.

Al'umma ba ta zauna jiran Turai ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Makarantar Tudun Maliki tana karantar da kurame tun 1977. An kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, kuma rigakafin sanƙarau na MenAfriVac ya shigo Nijeriya a 2011. Amma ita na'urar, har yau baƙuwa ce a ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako saboda raunin ji, kuma kashi 17 cikin ɗari kacal na masu buƙatar na'urar ne suke amfani da ita.

Dalilin bai tsaya ga tsada ba. Na'urar dijital ba ta da amfani sai an auna kunnen mai ita an saita ta da kwamfuta, masu wannan aiki kuwa suna birni, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Batirinta kwanaki kaɗan yake yi, kuma ba a samunsa a teburin mai sayar da batirin tocila. Ƙurar hunturu tana toshe makirufo, gumin noma yana lalata cikinta. Na san dattijon da aka ba kyautar guda ɗaya. Ta yi masa mako biyu, yau tana cikin adaka tare da takardun gona. Haka kuma wajibi ne a faɗi gaskiya: wanda sanƙarau ya kashe wa kunne gaba ɗaya, ɗaga sauti ba zai amfane shi ba, hakkinsa shi ne makaranta da maganar hannu.

Darasin wannan tarihi, a ganina, shi ne kowane ci gaba ya samu ne lokacin da maƙera suka saurari koken mai sanya na'urar: ta yi nauyi, suka rage, tana fito, suka kashe. Koken manomin Makoɗa bai isa gare su ba tukuna. Abin da yake buƙata sananne ne: na'ura mai caji da hasken rana, irin wadda aka haɗa a Botsuwana, ma'aikacin lafiya a asibitin ƙaramar hukuma da aka horar ya auna ji ya yi saiti, da gwajin fahimtar magana da kalmomin Hausa. Masana sun gama lissafin da ke cikin na'urar. Wanda ya rage shi ne na hanyar da za ta bi daga birni zuwa ƙauye, kuma wannan namu ne mu yi.