Agogon Da Ake Gada Da Wanda Ake Jefarwa

Yau tarihin agogo za mu taɓa.

A 1963 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Seiko 5, wanda ba ruwansa da batir, motsin hannu ke wana shi. Irinsa alhazanmu suka riƙa kawowa tsaraba daga Makka. In ya tsaya, mai gyara ya buɗe, ya wanke, ya ɗiga mai, shi ke nan ya tashi. Na kakana har yau yana tafiya.

A Disambar 1969 Seikon dai ya kawo Astron, sabon samfuri mai batir, kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota ke nan a lokacin. Kafin a ankara injin ya yi araha, 'yan jabu suka samu ƙofa: a ɗauko inji mai arha, a rubuta Rolex ko Rado a fuskarsa. Ruwan zinaren ya koɗe, zufa ta shiga, ka kai gyara a ce maka, "Malam, sayen wani ya fi maka sauƙi."

Na ainihin, gaskiya gyaransa da tsada, amma akwai kayan gyaran, kuma ya kan yi shekaru bai nema ba. Leƙa teburin masu gyaran agogo a Sabon Gari yau, yawanci canjin batir da maɗauri ya rage musu.