Ƙauyen da ke Cikin Ganuwa: Unguwa da Gona a Tsohon Birnin Kano

Bahaushe ya saba ɗaukar birni da ƙauye a kan kishiyoyin juna, Bakano kuwa ba ya da zagin da ya fi masa sauƙi a baki kamar "baƙauye". Amma tarihin birnin nasa ya nuna cewa ganuwar Kano ta daɗe tana rungume da gonaki fiye da gidaje.

Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya soma ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, haka ma Muhammadu Nazaki (1618-1623). Wannan faɗaɗawa ba cunkoson jama'a kaɗai ya kawo ta ba. Birnin da ya ɗanɗani harin Kwararrafa ya san cewa idan abokan gaba suka tsare ƙofofi, to, hatsin da aka noma a ciki ne zai ciyar da mutane, fili kuma shi ne mafakar manoman karkara da dabbobinsu. Da Kilafatan ya iso a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su wuce rubu'in ƙasar da ganuwa ta kewaye ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Shi ma Barth, wanda ya zo a 1851 ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, sai da ya ratsa fili mai nisa daga ƙofa kafin ya tarar da gidaje.

Ɓangaren da ke da gidajen ma, in an duba da kyau, tarin ƙauyuka ne da suka jingina da juna. Kowace unguwa tana da mai unguwarta da limaminta, da rijiya, da inuwar da dattawa ke zama bayan la'asar, da kududdufin da aka haƙi ƙasar tubali daga cikinsa har ya zama mashayar dabbobi. Sunayen su ne shaida mafi ƙarfi. Wasu asalin mutanen suke faɗa: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa. Wasu sana'a, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. Alfindiki kuwa kalmar Larabci ce ta masaukin fatake. Sa'an nan ga irin su Durumin Iya da Rimin Ƙira, watau unguwannin da itace ya raɗa wa suna, daidai da yadda ake yi a karkara. A ganina, wanda ke nazarin tarihin Kano bai kamata ya fifita jerin sarakuna a kan waɗannan sunaye ba, domin su ne suka adana labarin talakan da marubutan fada ba su kula da shi ba.

Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, zumuncin birni da gona bai yanke ba. Da rani jakuna kan fita da mangalar taki daga lungunan birni, su komo da itacen wuta da kara. Abin da ya cinye gonakin cikin ganuwa shi ne ƙaruwar jama'a, musamman bayan kafa Jihar Kano a 1967, sa'ad da aka yanka filayen wajejen Goron Dutse aka gine. Kududdufai da yawa kuma an cike su an yi gini a kai, ruwan damina da dā yake taruwa a cikinsu ya koma neman hanya ta cikin zauruka.