Jirgin Bayi Da Ya Koma Farautar 'Yan'uwansa

Jama'a, mu nan Kafanchan jirgin ƙasa muka sani, amma akwai wani jirgin ruwa mai tafiya da iska da labarinsa ya shafi Hausawa. Sunansa na da Henriqueta. Sana'arsa jigilar bayi daga wajejen Ikko zuwa Bahia ta ƙasar Barazil, inda Hausawa da yawa suka ƙare a gonakin rake. A 1827 sojojin ruwan Ingila suka cafke shi da mutum 569 a ciki. Da suka ga irin gudunsa, sai suka saye shi, suka raɗa masa Black Joke, suka sake shi kan abokan sana'arsa na da. Ai ɓarawo shi ya san hanyar ɓarawo.

A 1829 ya yi arangama da El Almirante mai igwa 14, shi kuwa babbar igwarsa ɗaya tak. Ya ci shi da yaƙi, aka kuɓutar da mutum 466. Sai dai irin waɗannan bayin Allah Saliyo ake sauke su, ba garuruwansu ba, yawanci can suka yi zamansu har mutuwa.

A 1832 aka ce katakonsa ya ruɓe. Masu shi da kansu suka cinna masa wuta a Saliyo.